Ranar da Na Sa Makulli a Aljihu

Ku ukun nan, Musa da Zara da Hauwa, kun taso kun iske gidanmu ɗaki biyu ne da rumfa, sai mota a tsakar gida rabin shekara, ɗaya rabin kuma babu ita babu mu. Ban taɓa zaunar da ku na gaya muku dalili ba. Na bar ku kuna tsintar labarin a bakin mutane, tsaba da tsakuwa duka kuka haɗiye. Yanzu idona ya fara ƙi, hannuna yana rawa in na daɗe riƙe da alƙalami, saboda haka sau ɗaya zan faɗa, kuma ba zan yi wa kowa kwalliya ba, har ni kaina.

Ni ɗan Damagaram ne, tuƙi ya kawo ni Diffa. Shekara goma sha biyu ina jan motar wani furoje, wato shirin rigakafin dabbobi, doguwar kat-kat mai rufin ƙarfe, babu rijiyar makiyaya a ƙasar nan da ban kai ta ba. A nan na auri uwarku Fanna, ƴar wani ƙauye a bakin Komadugu, gabas da gari, ta hanyar Bosso. Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba, jikokin mutanen suna nan kuma ba su yi mini komai ba. Da ubana ya rasu na ɗauko Inna, uwata, ta zauna da mu a gidan haya. Ina da fili a bayan gari, na buga bulo, na zana ɗaki huɗu a ƙasa da sanda, kullum Juma'a sai in je in tsaya a tsakiya ina kallon gidan da ba a gina ba.

Sai shekara ɗaya ta zo ta kwashe mini ƙafafu. Aka karya darajar kuɗinmu sefa, buhun siminti ya zama abin kallo daga nesa. Furoje ya naɗe tabarmarsa aka sallame mu. Kafin damina ta sauka kuma uban Fanna ya rasu. Ita kaɗai ya bari, aka raba gonarsa ta tattasai bisa shari'a, rabi nata, rabi na ƙaninsa Baba Kiyari. Ku lura da kyau, ba a cuci Baba Kiyari da taki ɗaya ba. Ya ɗauki nasa. Abin da ya hana shi barci shi ne rabin Fanna ya fi kusa da ruwa. Ranar sadakar arba'in, a gaban mutane, ya ce da ita:

"Ke matar birni ce yanzu. Gona ta mai kwana kusa da ita ce. Ki bar mini in riƙe miki."

Duk wanda ya san bakin kogi ya san ma'anar wannan riƙo. Gonar da aka riƙe maka shekara biyu, a ta uku sai ka kawo shaidu. Na je wurin Bulama, mai garin, na roƙi ɗan wuri in kafa bukka don mu yi noman rani. Ya ce ba a ba baƙo ƙasar gini sai dattawa sun zauna. Na koma sau huɗu, dattawa ba su zauna ba. Shekara goma sha ɗaya ina auren ƴarsu, na kai matansu asibiti a motar aiki, na ɗauko musu gawa daga Maine, amma ranar da na nemi wurin kafa sanda huɗu na zama Afuno, wato Bahaushe, baƙo.

Furoje yana sayar da tsofaffin motocinsa kafin ya tafi, cikinsu har da tawa, injinta ya buga, an jefar da ita bayan biro, ofishinmu, babu mai so. Wata rana ina tsaye ina kallonta sai abin ya faɗo mini: an hana ni gini, amma ba wanda ya hana ni tsayar da mota. Na zo gida na faɗa. Sai an sayar da rabin fili, sai ɗaki huɗu ya koma biyu, ɗaya na Inna da ƴan mata, ɗaya namu da Musa, in mun tafi gona ya zama nasa. Ina jin kunyar faɗa a gaban Inna, don na yi mata alkawarin ɗakinta ita kaɗai. Tana tsinke zogale ba ta ɗaga kai ba.

"Ɗaki huɗu yana cika tukunya?"

"A'a, Inna."

"To gina biyu. Ni da zan kwanta a rami kamu ɗaya da rabi, ɗaki ne zai dame ni? Ku je ku riƙe ma yarinyar nan ƙasar ubanta. Yara kuwa ku bar mini su, karatun lakwal ba zai tsaya ba."

Mushe Dauda, kamar a ce Malam Dauda a Faransanci, wani malamin lakwal Kirista ɗan Dogon Dutsi, shi ya sayi rabin filin, ya zama maƙwabcinmu, katanga ɗaya ta raba mu. Na gina ɗaki biyu na ƙasa da rufin kwano. Wata biyu ina kwance ƙarƙashin motar nan har ta yi tari ta tashi. Na cire kujerun baya, na shimfiɗa katako na ɗora katifa, ƙarƙashinsa wurin buhun gero da akwatin tufafi. Na buga raga a tagogi saboda sauro, na ɗaure gangar ruwa a baya, na yi kanta ta tukwane mai ƙofa don kada su zube a hanya. A gefe na yi rumfar tamfol da ake naɗewa. Uwarku ta ɗinka labule da tsohon zanenta. Mutanen unguwa suna leƙowa suna dariya, wai Issufu ya zama kunkuru, yana yawo da gidansa. Yayata Rabi, gwaggonku, ta aiko da kaset daga Damagaram, ta cika fuska biyu da faɗa, wai na cusa uwarmu a akurki don matata ta samu gona. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce a ɗauki wa'azi a kai kada kaset ya lalace a banza.

Da ruwa ya cika kogi muka tafi. Na tsayar da motar ƙarƙashin wata tsamiya a kan iyakar gonar Fanna, ba a kan ƙasar kowa ba. Kwana biyu aka kira mu ƙofar Bulama. Baba Kiyari ya shirya maganarsa tun daga gida.

"Bulama, ka tambaye shi. Abin nan gida ne ko mota? In gida ne, wa ya ba shi izinin gini? In mota ce, to Fanna ba ta da gida a garin nan, matafiyiya ce ta tsaya shan inuwa."

Ta ko'ina na bi ya tare. Sai uwarku ta yi magana daga bayan zana, inda mata suke zaune.

"Baba, tukunyata tana ciki, tabarmar sallata tana ciki, mijina yana ciki. Kai ka gaya mini abin da ya rage."

Aka yi dariya, har Bulama ya rufe baki da hannun riga. Amma Bulama mutum ne mai son ya kwana lafiya da kowa, irin mutanen da suka fi mugu ɓarna. Ya ce to, tunda ta ce gida ne, gida ba ya tafiya. Motar ta tsaya inda take har a gama tsinkar tattasai ta ƙarshe. In ta yi haka, gona ta Fanna ce, ba mai sake tayar da maganar. Ranar da tayarta ta juya kafin nan kuwa, Fanna ta tashi daga gari da ƙafarta, Baba Kiyari ya riƙe. Aka shafa fatiha a kai. Ni da hannuna na sa kututture gaba da bayan kowace taya, ina jin kamar na ci nasara.

Wata biyar muka yi a wurin. Ba zan ce muku wahala ce zalla ba. Uwarku ta san tattasai kamar yadda na san inji, ita ke dashe, ita ke jan ruwa daga fangali zuwa fangali, ni ina kula da injin ban-ruwa, ina kuma gyara na mutane, har na waɗanda suka yi mini dariya. Da rana cikin motar kamar tanda, da asuba ƙarfen yana sanyi har cikin ƙashi. Kowace Asabar ɗayanmu yakan bi motar kasuwa ya zo ya gan ku, ɗaya ya tsaya. Baba Kiyari kuwa kullum da safe sai ya biyo ta gefen tsamiya, ya ce lale, ya duƙa kamar yana gyara takalmi, alhali ƙasar gindin taya yake dubawa. Tattasai ya yi kyau a shekarar nan. Muka yi tsinka ta fari, ta biyu, ta uku, muka shanya, fili ya yi ja wur har ido yana yaji. Saura tsinka ɗaya, kwana goma sha biyu.

Ranar wata Laraba da hantsi ina cikin fangali na ji ƙarar moto, wato babur. Mushe Dauda ne, da alli a hannun rigarsa, daga aji ya fito. Ya ce tun jiya cikin Inna ya kumbura, tana amai, shi da matarsa suka kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce hanji ne ya murɗe, aikin sai Damagaram, kuma yau, ba gobe ba. Motar asibiti ta riga ta tafi da wata mai naƙuda. Inna ba ta iya zama, sai a kwance.

"Malam Issufu, motarka tana da gado. Shi ya sa na zo da kaina."

Kafin ya rufe baki uwarku ta jefar da fartanya. Ina kallonta ta ruga ta fizge igiyar rumfa, ta fara watso tukwane waje, ta duƙa tana jan kututturen nan da hannu har farcenta ya fashe. Ta shiga ta ɗauko makulli inda nake rataye shi, ta danƙa mini a tafin hannu.

"Malam, tayar da ita."

"Bari in ga Bulama tukuna."

"Wane Bulama? Inna ce fa! Tayar da mota!"

Ban saurare ta ba, na tafi ƙofar Bulama da gudu. Na iske shi a rumfa, Baba Kiyari yana gefensa, labari ya riga ni isa. Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa ma wani ba bayan ubana. Na ce uwata ce, kwana uku kawai nake roƙo, in kai ta in dawo da motar in mayar da ita kan sawunta. Bulama ya dubi Baba Kiyari. Baba Kiyari yana jan carbi.

"Allah ya ba ta lafiya. Uwa ai ba wasa ba ce, ka ɗauki motarka ka tafi, wa ya riƙe ka? Amma fatiha fatiha ce."

Bulama ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Kalma ɗaya ce a bakinsa, ya ce je ka, shi ke nan. Bai faɗa ba. Na yi shekaru ina neman in yafe wa mutanen nan biyu, dukansu sun mutu, na bi gawar kowannensu, amma in na ce muku zuciyata ta huce na yi ƙarya. Mutum yana jan sunan Allah da yatsa yana auna ran tsohuwa da fangalin tattasai!

To amma ku ji nawa. A hanyar komawa na yi ta lissafi a raina: ba aiki, rabin fili ya tafi, ga ku uku, biyu suna lakwal, in gonar nan ta kuɓuce me ya rage? Na ce wa kaina ai tasha ba ta rasa mota. Na ce likitoci sun saba tsorata mutane. Na iso na iske uwarku ta share cikin motar, ta shimfiɗa sabon zane a kan katifa, ta cika buta. Na sa makullin a aljihu, na hau bayan Mushe Dauda na ce mu tafi. Ya juyo ya dube ni, ya tayar. Uwarku ta biyo mu da gudu cikin shanyar tattasai, ɗankwalinta ya faɗi, tana kira.

"Malam! Gonar tawa ce, na yafe ta! Na ce na yafe! Malam!"

Ban waiwaya ba.

A tasha motocin Damagaram duk sun tashi tun safe. Na bi gidajen masu mota, wannan tasa tana Maiduguri, wancan ba taya. Yini ya ƙare a haka. Sai washegari na sami wata babbar mota mai ɗaukar buhunan tattasai, direban ya ba mu gaba. Na rungume Inna a cinyata, ƙafafunta a lanƙwashe don wurin bai isa ta miƙe ba, kowane rami motar ta faɗa sai ta cije leɓe. Motar kaya ce, tafiyarta kamar ta raƙumi, ga tsayawa a kowane shinge. Bayan mun wuce Maine ta buɗe ido ta dube ni.

"Issufu, ina taka motar?"

"Ta lalace, Inna."

"Kai da kake gyara ta kowa."

Ba ta sake magana ba sai kalmar shahada. Mun wuce Gudumariya, ba mu kai Gure ba, wajen la'asar, na ji nauyinta ya sake a hannuna. Ko da na tayar da motar ranar Laraba za ta rayu? Allah kaɗai ya sani, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da ta tafi a miƙe, a kan katifa, da yini guda a hannunta. Kuma da maganata ta ƙarshe da uwata ba ta zama ƙarya ba.

A Damagaram aka yi mata sutura, a gidan Yaya Rabi aka zauna makoki. Ranar sadakar bakwai uwarku ta iso da ku a motar haya, ta bar gona a hannun wata ƙawarta. Musa kana da shekara goma, Zara takwas, Hauwa tana goye. Ina zaure da maza aka ce in shigo in gaisa da mata. Ina shiga na iske Fanna ta durƙusa tana yi wa Yaya Rabi gaisuwa, tsakar gida cike. Yaya Rabi ta janye hannunta, ta ɗaga murya yadda har na zaure za su ji.

"Kin zo? An gama tsinkar? Ga mota da gado a ciki, kika hana a ɗauki uwarmu don kada gonar ubanki ta tafi. Musa, Zara, ku dube ta da kyau. Tattasai ta zaɓa ta bar kakarku."

Uwarku ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, dubana kawai take. Makullin yana cikin aljihun rigar da ke jikina, ina jin sanyinsa a cinyata. Mata wajen talatin suna jira. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, a yi haƙuri, gidan makoki ne." Na juya na koma zaure.

Da la'asar na same ta a bayan gida tana wanke kwanonin sadaka, ita kaɗai, ba wadda ta zo taya ta. Na ce zan koma ciki in faɗi gaskiya. Ban sani ba ko da gaske nake. Ta ci gaba da cuɗa kwano da toka.

"Lokacin faɗa ya wuce, Malam, ɗazu ne. Yanzu bar shi. Ka rasa uwa, kada ka rasa ƴar'uwa a mako ɗaya. Yara kuma in sun ƙi ni, nono zai dawo da su. Kai in sun ƙi ka, ba abin da zai dawo da su."

Na karɓa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, fiye da Baba Kiyari, fiye da Bulama: ta miƙo mini mafaka na shige da sauri kamar ɓera. Muka koma, muka yi tsinka ta ƙarshe, Bulama ya tara mutane ya ce gona ta Fanna ce. Shekara goma sha uku muka yi muna zaman nan, rani a mota, damina a ɗaki biyu, wata ƙanwar uwarku tana riƙe da ku in ba mu nan. Ba mu sake biyan haya ba, ba mu roƙi kowa ba. Gonar nan ita ta kai Musa Yamai karatu, ita ta yi wa Zara da Hauwa kayan ɗaki. Mushe Dauda ya san komai, har aka mayar da shi garinsu bai taɓa buɗe baki ba, sai dai tun daga ranar bai sake zama shan shayi da ni ba.

Ku kuma fa? Ina fushi da ku, ko da yake ban da bakin yi. Kun girma a hannun matar nan, kun ga yadda take, amma magana ɗaya ta gidan makoki ta fi muku shekara ashirin na tuwonta. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce, Baba, wai haka aka yi? Nono bai dawo da ku ba, ta yi kuskure a nan. Zara, in kin zo gida kina gaishe ta a tsaye. Musa, Allah ya ba ka ƴaƴa mata uku. Ta fari ka sa mata sunan Inna, na ji daɗi. Ta biyu ka sa sunan uwar matarka. Da ta uku ta zo, uwarku ta sayi turmin zane tun cikin yana wata bakwai, ta ɓoye a ƙasan akwati, ba ta gaya wa kowa ba, ni na gani. Ranar suna liman ya tambaye ka, ka ce Rabi.

Ita ta dafa abincin sunan. Ta tuƙa tuwon mutum ɗari, ta raba, ta wanke tukwane, sannan ta ɗauko zanen ta ba matarka ta ce a goya Rabi da shi.